Inda Arewar Abdulbaƙi Ta Ƙare

Duk wanda ya taɓa sayen tsoka a kasuwar Garuwa ya san Abdulbaƙi ɗan Mahfuzu, mahaucin nan na unguwar Hausare. In bai san shi da ido ba, to ya san shi da kunne, domin idan ya ce "a matso" a rumfarsa, masunta a bakin Binuwai sai su janye jiragensu. Tumbinsa kuwa yakan riga shi isa masallaci, ya kama masa sahu, shi yana can baya bai gama alwala ba. Taubasansa sun daɗe suna faɗa masa haka ido da ido. Ba ya musu, sai dai ya shafa tumbin ya ce na halal ne.

Fawa gadonsa ce. Kakansa ne ya zo da ita daga wajen Kano tun Garuwa ba ta da gada, ubansa ya karɓa, shi ma ya karɓa. Kuma hannunsa a yanka abin kallo ne. Rago yakan kwanta masa kamar an yi masa shimfiɗa. Shi ya sa a duk dangi ba a taɓa raɗa wa jariri suna ba sai wuƙarsa ce ta hau wuyan ragon. 'Ya'yan yayyensa mata, 'ya'yan ƙanwa, jikokin maƙwabta, duk shi ne. Wasu ma sun ce akwai matan da suke daidaita haihuwarsu da ranar da ba ya kasuwa, amma wannan sai a tambayi matan.

Aibunsa ɗaya: bai taɓa zuwa Kudu ba. Sa'o'insa sun bi shanu Yawunde, sun bi su Duwala, sun dawo da agogo da ƙaryar sun ga teku. Shi kuwa in dai arewa ce, ko'ina ka ce ya je zai je. Ya san Marwa, ya san Yaguwa, ya ci kifi a Kuseri. Amma ta ɓangaren kudu iyakarsa kasuwar shanu ta Ngong, ya saya ya juyo tun rana ba ta karkata ba. Ko barci zai yi ba ya miƙa ƙafafunsa kudu, wai kada su yi tafiya bai sani ba.

Abin dariya ne a baki, amma tushensa ba dariya ba ne.

Yana da wa, Hamidu. Lokacin Abdulbaƙi yana saurayi, gemu bai gama yanke shawarar fitowa ba, Hamidu ya raka shanun wani attajiri Kudu. Shanu suka isa, aka sayar, Hamidu bai dawo ba. Sai da damina ta wuce wani direba ya zo gidan da hularsa da wuƙarsa a ƙunshe. Ya ce zazzaɓi ne ya kama shi a wani gari a hanya, mutanen garin suka binne shi. Wane gari? Direban ya ce shi ma ji ya yi. Su wa suka binne shi? Bai sani ba.

Mahaifiyarsu, Iya Khaula, ba ta yi kururuwa ba. Bayan an watse zaman makoki ta kira Abdulbaƙi ɗakinta, ta kama kunnensa kamar ƙaramin yaro, ta ce, "Kai kaɗai ka rage mini namiji. In ka fita daga Arewa, ina raye ko ina ƙasa, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Ya ce, "Na ji, Iya."

Shi ke nan. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Mahaliccinta, shi ma bai tambaye ta ina Arewar ta tsaya ba. Wa zai yi wa uwa mai hawaye irin wannan tambaya?

Haka ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya yi furfura, duk a cikin alkawari. Autarsa Raihana ita ce ta hannun damansa. Tun tana rarrafe take bin sa rumfa, kuma ita kaɗai ce a duniya take ce masa "Baba, rage murya" ya rage. Da ta girma ta zaɓi Zaharaddin, wani dillalin bandar kifi da ke zaune a Tibati, mai sayen kifin masuntan tafkin Mbakawu yana turowa Garuwa. Abdulbaƙi bai ga matsala ba. Uba ai ba ya kai amarya, mata ne ke kaiwa. Raihana kuma takan zo ganin gida. Haihuwar fari ma, bisa al'ada, a gidan iyaye ake yi, don haka rago zai same shi har ƙofar gida.

Sai cikin ya zo da laulayi. Likita ya ce in ta hau wannan hanya ba ruwansa da abin da zai biyo baya. Dole mahaifiyarta Salamatu ta ɗaura kaya ta tafi Tibati. Haihuwar ta zo da wuya ƙwarai, har Salamatu ta kira waya tana cewa a sa su a addu'a, ba ta iya ƙarasa maganar ba. Ranar Abdulbaƙi ya yanke yatsansa da wuƙa, abin da bai taɓa yi ba tun yana koyo.

Washegari waya ta yi ƙara yana rumfa. Muryar Raihana ce, siririya kamar zare.

"Baba, mace ce. Zaharaddin ya ce sunan Iya za a sa mata."

Abdulbaƙi ya ajiye wuƙa ya dafa katakon yanka.

"Baba, kana ji? An ɗaure rago a tsakar gida. Na ce ba wanda zai taɓa shi. Kowa a gidanmu kai ka yanka masa. Ni da na leƙa kabari na dawo, tawa 'yar ce za a ba wani?"

"Auta, kin san maganar da ke tsakanina da kakarki."

"Na sani. To Tibati ba Arewa ba ce?"

Nan fa ake yin ta. Ya ajiye waya ya dubi mutanen da ke bakin rumfa, ya jefa musu tambayar kamar ƙashi.

Mesiye Émile na wurin, tsohon malamin lekol, wato makarantar boko, da ya ajiye aiki, wanda kullum yake zuwa saya wa matarsa hanta. Ya gyara tabarau ya ce, "Wace Arewar, Abdulbaƙi? Akwai ƙarama, akwai babba."

"Arewar ma awo ake yi da ita kamar gero?"

"Saurara mana. Ƙaramar ita ce rejiyon ɗinmu, jiharmu ke nan, wadda Garuwa ke shugabanta. Ita tun kafin ka kai Mbe ta ƙare. Babbar kuwa, wadda 'yan Kudu suke ce wa Giran Nor, guda uku ce a haɗe: mu, da Adamawa, da Arewa Mai Nisa. Tibati tana cikin Adamawa. Da can ma duk lardi ɗaya ne, muna samari aka raba."

"To uwata wacce take nufi?"

Mesiye Émile ya cire tabarau ya goge. "Wannan kam ba a koya mana a lekol ba."

Wada dillalin shanu, wanda ke zaune a kan benci yana sakace, ya tofar da tsinke. "Mesiye, bar shi da takarda. Ni ƙafata ta taka wuraren nan. Arewa ta ƙare inda jirgin ƙasa ya fara, wato Ngaundere. Daga nan ake loda shanu, daga nan saniya take fara kuka. Tibati? Na je. Ruwa ake yi kamar an huda sama. Tuwon rogo da safe, tuwon rogo da yamma. Garin da ba a san dawa ba shi ne Arewa?"

"Akwai Lamiɗo a Tibati," in ji Mesiye Émile. "Fulatanci ake yi a kasuwa, Hausawa ma unguwa guda gare su."

"A Yawunde ma akwai unguwar da in ka shiga sai ka rantse Hausare ce. Ita ma Arewa ce?"

Wata mata da ta zo sayen kayan ciki ta sa baki, ta ce su duka ba su sani ba. Iyakar tana kan dutsen nan da mota ke hawa kafin Ngaundere, wanda ake ce wa falez. Daidai inda kunnenka ya toshe, to ka fita daga gida. Wani ɗan moto, mai haya da babur, ya ce shi a wurinsa duk inda jandarma ya fara yi maka kallon baƙo, nan ne. Kafin azahar Arewa ta ƙare a wurare sun fi yatsun hannu, nama kuma ya ƙare ba tare da mai shi ya san wa ya saya ba.

Ya tafi wurin limamin unguwa. Liman ya saurara har ƙarshe, ya ce maganar uwa tana bin abin da ta nufa a zuciyarta, ba abin da gwamnati ta zana ba. Ya nemi wanda ya san zuciyar marigayiya.

Mutum ɗaya ta rage a duniya mai wannan sani: Inna Habsatu, ƙanwar Iya Khaula, tsohuwar da ido ya tafi ya bar ta da baki. Ya same ta a gindin darbejiya ana daka mata goro. Ya durƙusa, ƙasa ta amsa, ya zayyana mata komai, har da ƙarama da babba da jirgin ƙasa da toshewar kunne.

Tsohuwa ta yi dariya har ta ƙware. "Yaya Khaula? Ita da ba ta taɓa hawa gadar Binuwai ba? Kai ɗan nan! A wurinta daga ƙetaren ruwa duk Kudu ne."

Gumi ya keto wa Abdulbaƙi. "Inna, Ngong fa a ƙetaren ruwa take! Tun tana raye nake zuwa!"

"Ta sani mana. Wa yake dama maka furar hanya?"

"To me ya sa ba ta hana ni ba?"

Inna Habsatu ta daina dariya. Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Ni na kwana ɗakinta bayan rasuwar Hamidu. Ba mutuwarsa take wa kuka ba, ta san kowa zai tafi. Abin da take maimaitawa shi ne: wa ya wanke mini shi? Sun juya fuskarsa gabas? Da suka tsaya a kansa, akwai wanda ya san ɗan wane ne? A Ngong in ka faɗi, kafin jikinka ya huce an ɗauko ka. Shi ya sa take dama maka fura."

"Ke nan in tafi?"

"Ni ban ce ka tafi ba, ban ce ka zauna ba. Abin da ta yi wa kuka na faɗa maka. Tashi ka ba ni iska, ka tare mini duniya."

Abdulbaƙi ya fito yana tauna maganar. Da ya kai bakin kasuwa sai ya shiga layin 'yan yadi ya yanki farin alawayyo, irin na likkafani. Mai shagon ya ce bai taɓa sayar wa mutum ɗaya mai yawan haka ba, sai dai masu rumfar biki. Ya naɗe shi ya sa a jaka tare da wuƙaƙensa da dutsen washi. Ya kuma yanke wa kansa doka: duk inda mota ta tsaya zai sauka ya tambaya. In akwai wanda zai wanke shi, wanda ya san ɗan wane ne, to yana cikin Arewar Iya, ya ci gaba. Inda aka rasa, nan ce iyaka, ya juyo ko da yana hango rufin Tibati.

Ana jibi suna, da sassafe, ya shiga kar, wato babbar motar haya, mai zuwa Ngaundere, ya cika kujerar mutum biyu, na ukun yana addu'a. A Ngong bai ma gama sauke ƙafa ba mahauta suka fara yi masa kirari. Wannan ba tambaya.

A Mbe ne gabansa ya fara faɗuwa, don ya wuce ƙaramar Arewar Mesiye Émile. Ya nufi wani tsoho mai tsire a bakin hanya, ya yi sallama ya ce, "Baba, in na faɗi na mutu a nan, akwai mai wanke ni?"

Tsoho ya dube shi sama da ƙasa, abin da ya ɗauki lokaci. "Kai ɗan wane ne?"

"Ɗan Mahfuzu mahauci, na Hausare a Garuwa."

"Mahfuzu mai faɗa? Ai a rumfarsa na koyi fiɗa! Ya taɓa jifana da ƙafar saniya. Mutu abinka, ɗana, ni zan wanke ka, har turare zan sa."

Abdulbaƙi ya koma mota yana murmushi kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Da suka hau falez kunnensa ya toshe, kamar yadda matar nan ta faɗa, sanyi ya shigo ta taga. Ya rungume jakarsa ya yi ta salati. A Ngaundere kuwa, garin jirgin ƙasan Wada, mahauta har gardama suka yi a kan wa zai wanke shi. Wani ya ce sai dai a kira motar kashe gobara. Suka ba shi masauki, suka cika shi da tuwo, na masara ne ba na rogo ba, ya ƙudura zai gaya wa Wada.

Kashegari ya shiga ƙaramar mota mai zuwa Tibati. Gobe suna. Kusa da shi wani dogon mutum ne baƙi wuluk, mai suna Barthélemy, Kirista ɗan ƙabilar Masa daga Yaguwa, yana komawa wurin sana'arsa ta su a Mbakawu. A baya akwai Madam Geneviève, mai fataucin wake, da wasu fasinjoji. Tun ba a bar tasha ba Abdulbaƙi ya fara ba su labari, da Hausa, da Fulatanci, da 'yar Faransancinsa mai ɗingishi. Ba wanda ya roƙe shi. Ya ba su na Hamidu, ya ba su na Iya, ya kwatanta musu gidan Mahfuzu a Hausare har da kalar ƙofa. Da ya gama ya sake daga farko saboda wata tsohuwa ta yi gyangyaɗi a tsakiya.

Barthélemy ya yi ta dariya. Ya ce, "Baba mahauci, mu a Yaguwa in saurayi ya tafi Garuwa cewa muke ya yi Kudu. Kai tun haihuwarka a Kudu kake, ba ka sani ba."

"Rufe mini baki, mai ƙarnin kifi! Garuwa ce cibiyar Arewa."

"Cibiya ai a ƙasan ciki take, Baba."

Haka suka yi ta yi, daji yana ƙara duhu, ciyawa tana fin mutum tsawo, jar ƙasa tana bin su. Sun tsaya a wani gari, ya sami mahaucin da ya san wani da ya san Mahfuzu. Ya ce wannan ma ta shiga.

Bayan azahar mota ta yi tari, ta yi atishawa, ta mutu. Inda ta zaɓa ta mutu kuwa, 'yan bukkoki ne a bakin hanya, ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Ba kasuwa, ba masallaci, ba ko ƙugiyar rataye nama. Waya ba rezo, ba a samun layi. Wata mata tana shanya rogo a kan dutse, wani tsoho yana saƙa kwando. Shofer, wato direban, ya buɗe gaban mota ya shige ciki har kafaɗa.

Abdulbaƙi ya sauka, don doka doka ce. Ya je wurin tsohon ya yi sallama, ya yi tambayarsa da Hausa. Tsoho ya yi murmushi. Ya yi da Fulatanci. Tsoho ya amsa gaisuwar kawai, daga nan ya ƙare. Ya gwada Faransanci, ita kuma ta watsa masa ƙasa a ido. Ya ce, "Mahfuzu. Garuwa. Hausare." Tsoho ya juya ya yi wa matar magana da wani yare da Abdulbaƙi bai taɓa ji ba, ita ma ta girgiza kai. Sai ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta miƙa masa, don ta ga kamar abin da yake nema ke nan.

Ya karɓa ya sha, ya yi godiya. Mutanen kirki ne, ya gani a fuskarsu. Irinsu ne suka binne Hamidu. Sun yi iya abin da suka sani, ba su san ɗan wane ne ba.

Ya koma mota ya ciro jakarsa, ya tsallaka ɗaya gefen titi, gefen masu komawa Ngaundere, ya zauna a kan wani kututture. Yana ganin rago a ɗaure a tsakar gida. Yana jin siririyar muryar nan tana cewa tawa 'yar ce za a ba wani. Yana kuma jin yatsun Iya a kunnensa, da zafinsu, kamar jiya. Mutumin da bai taɓa kuka a gaban bijimi ba ya sa hannun riga yana goge ido.

Mota ta yi gurnani ta tashi. Shofer ya ce a shiga. A daidai lokacin wata babbar motar kaya ta ɓullo daga wajen Tibati, ta nufo arewa. Abdulbaƙi ya miƙe ya ɗaga mata hannu.

Barthélemy ya tsallako da dogayen ƙafafunsa. "Baba mahauci, ina zuwa?"

"Gida. Nan ce iyakar. Ba wanda ya san ni."

"Ba wanda ya san ka?" Barthélemy ya juya wurin fasinjoji ya ɗaga murya. "Jama'a, wannan ɗan wane ne?"

Mota guda ta amsa kamar 'yan makaranta: "Ɗan Mahfuzu mahauci! Hausare! Gida mai koriyar ƙofa!" Har tsohuwar da ta yi gyangyaɗi.

Madam Geneviève ta leƙo ta taga. "Tun safe ka hana mu sakat da Mahfuzu. Ni yanzu ko sunan ubana sai na yi tunani."

"Ku ai matafiya ne," in ji Abdulbaƙi. "Ba 'yan garin nan ba ne."

"Mamanka ta ce sai 'yan gari?" in ji ta. "Kai da bakinka ka ce kukanta wa ya wanke shi, wa ya san shi."

Shofer ya matso yana goge baƙin mai da tsumma. "Baba, wankan ni zan yi. Mahaifina ladan ne, tun ina yaro nake riƙe masa buta."

Abdulbaƙi ya dube shi da jajayen idanu. "Ta wane gefe za ka kwantar da ni?"

"Na dama, fuska gabas."

"Ni ba na sallarku," in ji Barthélemy, "amma na iya haƙa rami, kuma masunci ba ya ɓatan gabas. In an gama, da ƙafata zan je Hausare in nemi koriyar ƙofa, in gaya musu ga inda kake, ga wanda ya wanke ka. Sai dai don Allah, Baba, ka daure kada ka mutu sai mun isa. Mu duka nan ba za mu iya ɗaga ka ba."

Motar kaya ta iso ta rage gudu, direbanta ya danna oda yana tambaya da hannu. Abdulbaƙi ya dube ta. Ya dubi tsohon mai kwando, ya dubi dogon Kiristan nan mai ƙarnin kifi da ya san kalar ƙofar gidan ubansa. Leɓensa yana motsi, ba wanda ya ji da wa yake magana. Can sai ya ɗaga hannu ya yi wa direban alama ya wuce.

"Karɓi jakar nan," ya ce wa Barthélemy. "Ka riƙe ta da kyau. Akwai wuƙa, akwai likkafani, duk wanda aka fara buƙata."

Sun shiga Tibati rana tana ja. Raihana tana kwance a ɗaki, ta rame har ya ji tsoro, amma da ta ji muryarsa tun daga bakin titi yana tambayar gidan Zaharaddin mai kifi, sai ta ce wa mahaifiyarta, "Ga shi nan. Ki ce masa ya rage murya, jaririya na barci."

Da safe bayan an raɗa suna ya kwantar da rago. Mutanen Tibati suka ga abin da Garuwa ta saba gani. Kafin masu addu'a su shafa, an feɗe, an rataye, hanta tana kan wuta. Sannan ya wanke hannu aka miƙo masa jaririya. Ba zai iya kiran sunan mahaifiyarsa ba, don haka tun daga ranar Iya yake ce mata. Ya kai bakinsa kusa da kunnenta, ya yi ƙasa da murya iya ƙarfinsa, wato ana ji har zaure.

"Iya, ga ni a Tibati. Ban kwana inda ba a san ni ba. In kuma na ƙetare, ki yafe mini."

Jaririya ta yamutsa fuska, ta yi miƙa, ta jiƙa masa babbar rigar sallarsa tun daga ƙirji har gwiwa.

Salamatu ta ce, "To, ka ji amsa. Ta wanke ka da kanta."

Bayan biki Barthélemy ya zo da ƙaton kifi na barka, ya ce ya zo ya kai shi ya ga tafkin Mbakawu. Abdulbaƙi ya tambaya ta wane gefe yake. Aka nuna masa bayan gida, ta wajen kudu. Ya ce a gai da tafki.

Ya dawo Garuwa da likkafaninsa a naɗe, da bandar kifi, da labarin da yake ƙara tsawo kullum. Yanzu in ya ba da shi, zakuna sun kewaye motar. Ranar da ya buɗe rumfa Mesiye Émile ya zo sayen hanta, Wada yana kan bencinsa.

"To, matafiyi," in ji Mesiye Émile, "ka gano mana? Ƙaramar ce ko babbar?"

"Jirgin ƙasa ne," in ji Wada. "Faɗa masa gaskiya."

Abdulbaƙi ya ɗora hanta a kan katako ya gyara wuƙa. "Ku duka kun kusa. Akwai bishiyar mangwaro a bayan ɗakin Raihana. Daga gindinta zuwa nan Arewa ce."

"Bayan mangwaron fa?"

"Ban leƙa ba. In Iya ta fara tafiya ta zagaya can, na bi ta in gani."